Giwan Ruwan Kalilu Mai Gilashi

Kalilu mai gilashi mutum ne siriri, marar yawan magana. In kana yi masa zance sai ya ɗan karkato maka kunnen dama, don na hagun ba ya ji sosai. Shagonsa yana bakin titi a Gwadangaji, inda masu keke suke tsayawa ɗaukar mutane zuwa cikin Birnin Kebbi. Tagogin alminiyam yake haɗawa, da ƙofofin gilashi, da irin akwatunan nan da masu sayar da waya suke jera kaya a ciki. Yatsunsa duk tabon yanka ne, amma hannunsa ba ya rawa. In ya ja layi a kan gilashi ya ɗan danna, sai ka ji ƙas, ya rabu biyu sumul.

Asalinsa mutumin Argungu ne, kuma ɗan gidan su, wato masunta. Mahaifinsa, marigayi Malam Hodi, da homa da gora na kamun kifi ya ciyar da gidansa har ya tsufa. Mahaifiyarsa, Inna Fadimatu, bandar kifi take yi tun tana amarya, har ƙanshin hayaƙi ya kama bangon ɗakinta. Yayansa Usmanu kuwa tun yana ƙarami yake nutso ya daɗe har a fara kiran sunansa. Kalilu ne kaɗai aka hana ruwa. Yana yaro kunnensa ya yi ciwo, ya riƙa zubar da ruwa, kuma duk ranar da ya shiga kogi sai ya kwana yana kuka. Daga nan aka yanke masa hukunci: shi na tudu ne. In an fita su, aikinsa zaman gadin riguna da takalma a bakin gaɓa.

Ba wanda ya wulaƙanta shi. Wasa ne kawai ake yi masa, irin na 'yan uwa, a ce ga Kalilu na tudu, a yi dariya, shi ma ya yi. Amma da aka tashi tura shi Birnin Kebbi koyon aikin gilashi wajen wani ƙanen Inna, bai ko waiwayi kogin ba.

Ya koyi aiki, ya buɗe nasa shagon, ya auri Mubina, 'yar wani malamin makarantar allo a unguwar. Suka yi zamansu lafiya. Duk da haka, in ya je gida Sallah aka zauna hirar ruwa, wanda ya kama wane kifi a wane gurbi, sai ya zama baƙo a tabarmar ubansa. Yakan saurara da kunnen dama, ya gyaɗa kai, ba shi da abin da zai ƙara.

Harkar kifi ta same shi ne ta hanyar aiki. Wata hajiya a unguwar Gesse ta nuna masa hoton akwatin gilashi mai ruwa da 'yan kifaye a wayarta, ta ce ko zai iya. Ya ce zai gwada. Na farko ya yi yoyo, na biyu ya tsaya. Abin ya shiga ransa fiye da yadda ya zata. Ya riƙa kallon bidiyo a waya, yana tambayar masu kiwon tarwaɗa, har ya san yadda ake sauya ruwa, da amfanin ɗan injin da yake hura iska, da cewa kifi yana buƙatar wurin ɓuya da natsuwa kamar kowace dabba. Duk wanda ya haɗa wa akwati sai ya ja masa kunne: kada a bar yara su ƙwanƙwasa gilashin, abin yana razana kifi. Ya haɗa wani babba ya ajiye a cikin shago don talla.

Wata rana Usmanu ya kawo busasshen kifi kasuwar Birni, ya biyo ta shagon riƙe da bokiti. Ya ajiye a gaban ƙanensa yana murmushi.

"Na ji an ce ka zama masuncin ɗaki," in ji Usmanu. "To ga naka rabon kogi. Cikin taruna nis same shi, nic ce wanga na Kalilu na."

Ɗan giwan ruwa ne, bai fi tafin hannu ba, fari sol kamar azurfa, idanunsa suna wani irin haske in rana ta taɓa su. Giwan ruwa shi ne kifin da kowane masunci a Argungu yake mafarkin kamawa, wanda in ya riƙa yakan kai girman mutum. Kalilu ya zuba shi a akwatin, ya tsuguna yana kallo, har Usmanu ya yi sallama bai ji ba.

Farkon zamansu ya yi daɗi. Kalilu ya sa masa duwatsu da guntun tulu ya riƙa shiga. Yakan sayo 'yan ƙananan karfasa masu rai ya zuba masa, kifin ya lafe, ya lafe, sai wuf, ka nemi karfasa ka rasa. Ya san mai shi. In Kalilu ya buɗe shago da safe, sai ya taso gaban gilashi ya tsaya. Mubina takan ce tunda aka kawo kifin nan maigidanta ya koyi hira, don kullum da labarin da zai dawo da shi.

Amma giwan ruwa ba ya tsayawa yadda aka kawo shi. Shekara ta zagayo, wata ta bi, ya kai tsawon hannu tun daga yatsa har kafaɗa. Tulun ya yi masa kaɗan, aka fitar. Duwatsun suna tare masa hanya, aka kwashe. Akwatin da a da yake masa kamar tafki ya zama in zai juya sai ya lanƙwashe jiki. Ga shi kuma Kalilu ya turo shi bakin ƙofa don masu wucewa su gani, kusa da injin yankan alminiyam, janareto yana ruri a bayansa duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Sai halinsa ya sauya. Ya daina tasowa da safe. Yakan cusa kai a kusurwa ya yini a haka, jikinsa ya yi duhu, ƙayar bayansa a miƙe. Wani lokaci ya kama kai da kawowa, hanci a jikin gilashi, sama da ƙasa, sama da ƙasa, kamar mai neman ƙofa. In inuwar mutum ta gifta kwatsam, sai ya zabura ya daki bango.

Ranar da abin ya ɗauki wata hanya, wani ɗan kabu-kabu ne ya tsaya shan inuwa, ya ciro makullin babur ya ƙwanƙwasa gilashin. Kifin ya yi wata irin zabura, ya daki gilashin da ƙarfi, ruwa ya fantsamo har rigar mutumin. Ya ja da baya yana salati, mutanen da ke wurin suka fashe da dariya. Wani ya ce a sake. Kalilu ya buɗe baki zai hana, sai ya ji wani dattijo yana cewa, "Kai! Wanga kifi jarumi na. Ina kas same shi?"

"Daga gidanmu," in ji Kalilu. "Argungu. Mu gidan su muke."

Shi kansa ya ji daɗin maganar a bakinsa. Bai hana ba.

Kafin wani lokaci shagon ya zama wurin kallo. Da la'asar 'yan makaranta, da masu keke, da ma'aikatan da suka taso ofis sukan taru. Kalilu da kansa yake ɗaukar abin yankan gilashi ya buga da gindinsa, kifin ya daki bango, a yi sowa. Ya ƙirƙiro bayani: wai jinin Kabi ne, ba ya ɗaukar raini. Wani ya ɗauki bidiyo ya watsa, aka fara kiransa Mai Giwa. Aiki ya ƙaru. Abin da ya fi masa komai, 'yan uwa daga Argungu suka fara kiran waya, ba don gaisuwar Sallah ba, don su ce sun gan shi, shi da kifinsa.

Kuma ya sani. Wannan ne abin da har yau bai iya cirewa daga zuciyarsa ba. Ba jahilci ba ne. Ya san ba faɗa kifin yake yi ba, gudu yake nema, babu inda zai je. Da safe, kafin kowa ya zo, yakan ga fatar hancin ta saluɓe ta yi ja, ido ɗaya ya yi hazo, karfasar da ya zuba jiya tana yawo ba a taɓa ta ba. Sai ya sauya ruwa, ya barbaɗa gishiri, ya rufa wa akwatin tsohon bargo. Yakan ce wa kansa yau ba za a buga ba. La'asar na yi, mutane na taruwa, sai ya ga hannunsa ya yaye bargon.

Mubina ta kawo masa abinci wata rana ta tarar ana yi. Ta ajiye kwanon ta tafi. Da ya koma gida ta ce, "Maigida, ba kai ka hana mutane taɓa gilashi ba?"

"Wanga daban na," in ji shi. "Babba na. Shina jurewa."

Ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗen garinta. Ya yi alkawarin zai haɗa akwati mafi girma ya mai da shi cikin gida. Ya ma auna wurin. Bai yanka gilashin ba.

Ana cikin haka idon Inna Fadimatu ya matsa mata, Usmanu ya kawo ta asibiti a Birnin Kebbi. Da suka gama ganin likita ta ce ba za ta koma ba sai ta ga shagon Kalilu, da kifin da ake ta ba ta labari. Suka iso da la'asar, wuri cike. Kalilu ya rasa inda zai sa kansa don murna. Tunda ya buɗe shagon Inna ba ta taɓa zuwa ba. Ya share benci, ya zaunar da ita gab da akwatin, ya aika a kawo ruwan sanyi. Ya ce wa mutane ga mahaifiyarsa, ga yayansa wanda ya kamo kifin, aka yi ta gaishe su.

Sannan ya yaye bargo.

Kifin yana kusurwa, kai a ƙasa. Usmanu ya matso ya duba, murmushinsa ya ragu. Kalilu ya buga gilashi. Kifin bai motsa ba. Ya sake bugawa da ƙarfi. Shiru. Wani matashi daga baya ya ce, "Yau jarumi ya ji tsoron mutanen gida." Aka yi dariya. Wani ya ce ai dama a bidiyo ne kawai.

Kalilu ya waiwaya. Ga Inna zaune ta ƙura ido tana jira, ga Usmanu tsaye. Bai tsaya tunani ba. Ya janye murfin akwatin, ya ɗauki wani guntun alminiyam da ya rage daga taga, ya zura cikin ruwa, ya zunguri kifin a haƙarƙari.

Ƙarar da ta biyo baya ta wuce duk wadda aka saba ji. Kifin ya tashi da dukan ƙarfin da ya rage masa ya daki gilashin da baki. Ruwa ya watsu har zanen Inna. Wasu suka fara sowa, sai sowar ta mutu a bakinsu. Leɓen kifin na ƙasa ya yage ya karkace gefe, jini yana fita siriri yana bazuwa cikin ruwa. Ya kife a gefe ɗaya, ya sauka ƙasa a hankali, bakin yana buɗewa yana rufewa.

Kalilu yana tsaye, guntun ƙarfen yana ɗiga a hannunsa.

Inna ta share ruwan da ya taɓa fuskarta da gefen mayafi. Ba ta ɗaga murya ba, har sai da ya karkato kunnen dama kafin ya ji.

"Kalilu," ta ce, "ni na fi kowa kashe kifi a wurin ga. Amma mu in munka kama, ci mukai. Wanga mi yay yi maka?"

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Tambaya ce ta yi, kuma ta tsaya tana jiran amsa. Ya duba ƙasa, ya duba ƙarfen, ya rasa inda zai ajiye shi. Usmanu ne ya ɗauki bargon ya rufe akwatin, ya juya ya ce wa mutane, "To jama'a, a yi haƙuri, an tashi." Suka watse sannu sannu, ba mai kallon wani. Waɗanda suka ɗaga waya suka mai da ita aljihu.

Ya raka su tasha. A hanya Inna ta yi ta zancen maganin da aka ba ta, da yadda za a riƙa ɗiga shi, kamar ba abin da ya faru. Wannan ma ya ƙara masa nauyi. Da za ta shiga mota ta sa masa albarka yadda ta saba, shi kuwa ya kasa ɗaga ido ya amsa. Usmanu ya ja shi gefe.

"In ya kwana da rai, ka kawo shi," ya ce. "Akwai kududduhi bakin gonar shinkafata. Ba kowa ciki sai karfasa."

Ya kwana da rai. Labari ya riga shi isa gida wajen Mubina. Ita ce ta aro babban duro wajen maƙwabta, ta wanke shi tas. Da sassafe Kalilu ya samo a-kori-kura, suka cika duron da ruwa, ya naɗe kifin a jiƙaƙƙen buhu ya sa shi ciki. Wannan ne karo na farko da ya riƙe shi da hannu tun da ya girma. Ya ji nauyinsa, ya ji kuma yadda cikinsa ya shafe don rashin ci. Direba ya ce ya shigo gaba, ya ce a'a. A baya ya zauna, rungume da duron, duk ramin da mota ta faɗa sai ruwa ya fantsamo ya jiƙa shi, har Argungu.

Ya so a zagaye ta bayan gari, amma hanyar fadama ta ƙofar gidansu ta bi. Maza suna zaune a ƙarƙashin dalbejiya suna ɗinkin taru, 'yan uwan babansa ne da abokan wasansa na yarinta, waɗanda suka riƙa kiransa a waya. Suka miƙe suka leƙa duron. Suka ga bakin. Ba wanda ya yi masa wasa, ba wanda ya ce na tudu, ba wanda ya ce Mai Giwa. Wani tsoho ya ce, "Sannu da hanya, Kalilu," suka koma suka zauna. Da ya san haka shirunsu zai yi ciwo, da ya roƙe su su yi dariya.

A bakin kududdufin, Usmanu ya tuɓe riga zai shiga, Kalilu ya ce ya bari. Ya naɗe wando ya shiga da kansa har ruwa ya kai masa ƙugu, laka tana tsotsar ƙafafunsa. Ya riƙe kifin a tsaye cikin ruwa don kada ya kife, kamar yadda Usmanu yake gaya masa daga gaɓa. Sun daɗe a haka. Can ya ji jikin ya ɗan yi ƙarfi a tafinsa, wutsiya ta kaɗa, kifin ya zame ya nutse cikin ruwan da ba a ganin ƙasansa.

Ya koma Birni a ranar, bai tsaya cin abinci ba.

Bayan 'yan makonni Usmanu ya kira ya ce karfasar kududdufin tana raguwa, alamar mutumin yana ci. Ya ce ya hango shi sau ɗaya da hantsi, bakin ya warke a karkace. Kalilu ya yi godiya ga Allah, ya yi niyyar zuwa ya gani, ya yi ta ɗagawa. Kafin ya je damina ta yi ƙarfi, kogin Rima ya cika ya malale fadama, ya shanye gonaki da kududdufin gaba ɗaya. Da ruwa ya janye, Usmanu ya ja taru bai same shi ba. Ko ya bi kogi, ko ya maƙale a wata gona ya mutu, ko wani ya kama ya kai kasuwa, ba wanda ya sani.

Kalilu ya wargaza babban akwatin, ya yanka gilashin ya yi tagogi da shi. Har yanzu yana haɗa ƙananan akwatuna ga mai so, amma yakan tambayi irin kifin da za a sa, in ya ji mai girma ne sai ya ce a nemi wani. Gargaɗin nan na kada a ƙwanƙwasa gilashi kuwa, yanzu Mubina ce ta rubuta masa shi a 'yar takarda yake mannawa, don in ya zo faɗa da baki sai ya kasa. Yana zuwa Argungu kamar da. Inna ba ta sake tayar da zancen ba, shi ma haka, sai dai yakan gaishe ta ido a ƙasa ya fi yadda ake buƙata.

Kwanakin baya wani mutum ya sauko daga keke da 'ya'yansa, ya ce daga Jega suke, sun zo biki, yaran suka matsa sai an kawo su wurin kifin nan mai faɗa. Kalilu yana tsugune yana auna taga.

"Ba ya nan," ya ce.

"To mai shi hwa? Mai Giwa?"

Kalilu ya ajiye tef ɗin awo. "Ya tashi daga nan," ya ce.

Mutumin ya yi godiya, ya tattara yaransa suka tafi. Abbas tela, wanda shagonsa yake jikin na Kalilu tun kafin a kawo kifin, ya ji komai. Ya ɗago kai daga kan keken ɗinkinsa, suka haɗa ido. Abbas ya mai da kansa ƙasa ya ci gaba da ɗinki. Kalilu ya koma kan tagar, ya tarar ya manta awon da ya ɗauka, ya sake jan tef daga farko.